Yaro yana karanta c ta Turanci kamar c ta Hausa

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 5 yana karanta cat da cup da sautin farkon "cokali". Ki kwantar da hankalinki, ba laifinsa ba ne. Haka c take a Hausa: ci, ciki, ciyawa.

Ina koyar da 'yan nazare a nan Gombe, kullum da wannan muke fama. Bayan magariba ki ɗora shi a cinya, ki buɗe littafi mai hotuna ki karanta masa da ƙarfi. Ki ce "kaza, kifi, kofi", sai ki aza yatsansa kan cup ki furta sannu a hankali, ya maimaita. Kalma uku a rana sun isa, wallahi.

Ki tsaya kan c wadda a, o ko u ke biye da ita, inda take da sautin k a Turanci. City da cent, inda take komawa s, a bar su sai gaba. Kada ki daka masa tsawa in ya kuskure, kuma kada sautin ya koma ƙ.

Amma in ko da Hausa "taza" yake cewa maimakon "kaza", ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya a duba jinsa.