Taya mai kama ƙasa na iya buga injin GT86?

Ɗan'uwa, ka ce kana son sa wa Toyota GT86 ɗinka tayoyin tsere, kana tsoron kada inji ya buga. Tsoronka yana kan hanya.

A wannan mota baƙin mai yana taruwa ne a kwanon da ke ƙasan inji, famfo yana zuƙo shi ta bututu ɗaya. Tun fitowarta a 2012 da tayoyin Michelin Primacy ta zo, masu saurin zamewa, don haka motar kan sulɓe kafin man ya gudu. Taya mai kama ƙasa kuwa ba ta saki. Idan ka sha doguwar kwana da gudu, man sai ya koma gefe guda, wani kuma ya maƙale a kan silinda, tunda injin kwance yake hagu da dama. Bututun ya zuƙi iska, karanshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, ya riƙa gogar ƙarfe babu mai. Daƙiƙoƙi kaɗan sun isa ɓarna, kuma jan fitilar mai ba ta kamawa sai matsin ya kusa ƙarewa.

A titin gari ba ka da damuwa sosai. A filin tsere kuwa, ka sa kwano mai shingaye a ciki da ke hana man guduwa gefe, ka ɗaura agogon auna matsin mai, ka duba mai ya cika kafin kowane zagaye. Maganin gaske shi ne tankin mai na daban, irin na Porsche 911 GT3, amma akwai tsada. Ni dai ina roƙonka, kada tayoyin su riga kwanon hawa motar.