Hukuncin Karɓar Takardar Zama Ɗan Ƙasar Birtaniya Ga Musulmin Da Ke Zaune Can

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni likita ne ɗan asalin Zariya, shekarata 11 ina aiki a Landan tare da maiɗakina da 'ya'yanmu uku. Ina da izinin zama na dindindin, kuma na cika sharuɗɗan neman zama ɗan ƙasa. Abin da ya tsayar da ni shi ne rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila, ga kuma mahaifina da ya ce ya ji daga bakin malamansa cewa wanda ya karɓi takardar Nasara ya sayar da addininsa. Ina neman fatawa.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka dakata ka tambaya kafin ka sa hannu.

Maganar mahaifinka tana da asali, kuma bai kamata a ɗauke ta maganar tsohon da bai san zamani ba. Mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta ta fi sauran tsanantawa game da zama ƙarƙashin hukuncin waɗanda ba Musulmi ba. Alwansharisi, babban malamin Malikiyya na Arewacin Afirka wanda ya rasu a 1508, ya wajabta wa Musulmin Andalus hijira bayan Kiristoci sun ci garuruwansu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya kuma wallafa littafi sukutum a kan wajabcinta. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira har ya yi shahada a Burmi a wannan shekara, ragowar jama'arsa suka zarce gabas suka zauna a Mai Wurno ta ƙasar Sudan. Sai dai a wannan rikici ɗin dai Waziri Buhari, bayan shawara da malamai, ya zaɓi zama domin kare addinin jama'ar da ba za su iya tafiya ba, muddin ba a hana su salla da azumi da sauran shika-shikan Musulunci ba. Saɓanin da kake ji yau tsoho ne a gidanmu, kuma kowane ɓangare yana da malamai na Allah.

Ita kuwa fatawar ridda da ake yawan ambata, wato cewa wanda ya karɓi takardar Nasara ya fita daga Musulunci, tana da wuri da dalili. A Aljeriya, dokar Faransa ta 1865 ta shardanta wa Musulmin da ke son zama cikakken ɗan ƙasa ya fita daga hukuncin Shari'a a aurensa da sakinsa da gadonsa, alhali kotunan alƙalai suna nan a garinsa. Saboda haka Shaihu Ibnu Badis ya hukunta cewa wanda ya yi haka da son ransa ya juya wa Shari'a baya. Haka a Tunisiya, bayan dokar zama ɗan ƙasar Faransa ta 1923, jama'a sun riƙa hana binne masu takardar Faransa a maƙabartun Musulmi a farkon shekarun 1930. Mutumin da aka yi wa wannan hukunci yana cikin ƙasarsa ta Musulunci, ɗan mulkin mallaka ya danne ta, shi kuma ya bar alƙalinsa ya koma sahun wanda ya danne ta. Fatawa tana tafiya da illarta, wato dalilin da aka gina ta a kansa, kuma ɗauko wannan hukunci a ɗora wa likitan da ke zaune a Landan ba tare da duba ko illar tana nan ba kuskure ne a ilimi, ga shi kuma kafirta Musulmi abu ne mai hatsarin gaske.

Malaman zamani sun rabu biyu. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya hana, yana kafa hujja da ayoyin da suka haramta jiɓintar kafirai, kamar aya ta 51 a Suratul Ma'ida, da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa Annabi (SAW) ya barranta daga Musulmin da ke zaune a tsakiyar mushrikai. Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai, wadda aka kafa a 1997, da malamai irin su Shaihu Abdullahi bin Bayya, sun halatta. Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne halacci bisa sharaɗi, kuma ga dalilina.

Hadisin barranta, Tirmizi da kansa ya kawo cewa Bukhari ya rinjayar da cewa mursali ne, wato babu sahabi a isnadinsa, kuma ya zo ne a kan wasu Musulmi da aka kashe bisa kuskure lokacin da rundunar Musulmi ta kai hari ga mutanen da suke zaune a cikinsu, wato yanayi na yaƙi. Aya ta 97 a Suratun Nisa'i ta zargi waɗanda aka raunana a addininsu suka ƙi fita alhali suna da iko, don haka abin lura shi ne ikon bayyana addini. Sahabbai sun zauna a Habasha ƙarƙashin sarkinta Najjashi, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan hijira, lokacin da Madina ta daɗe da kafuwa, kuma Ummu Salama ta ba da labarin yadda suka yi wa Najjashi addu'ar nasara sa'ad da wani ya yi masa tawaye. Annabi (SAW) da kansa ya shiga Makka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa ƙarƙashin kariyar Muɗ'im ɗan Adiyyu, wanda mushriki ne. Jiɓintar da aka haramta ita ce son kafirci da taimakon masu yaƙar Musulmi a kan Musulmi, ita kuwa kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba Allah ya halatta su a aya ta 8 ta Suratul Mumtahana.

Yanzu ka duba halinka da kyau. Dokokin Birtaniya suna hawa kanka tun ranar da ka sauka ƙasar: harajin da kake biya, kotun da za ta saurari ƙararka, dokar aure da ta gado, duk zama ne ya ɗora maka su, fasfo ba zai ƙara ko ɗaya ba. Ko ƙuri'a kana da damar kaɗawa tun yanzu a matsayinka na ɗan ƙasar Kwamanwel mai izinin zama. Ƙasar ta daina tilasta aikin soja tun farkon shekarun 1960, saboda haka tsoron a tura ka yaƙar Musulmi, wanda shi ne mafi ƙarfin hujjar masu hanawa, ba ya nan a yau. Ba za a ce ka ajiye fasfon Nijeriya ba, domin Birtaniya ta yarda da riƙe biyu, kuma sashe na 28 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya bar wa ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa wannan dama. Duk ɗan da aka haifa maka can bayan ka sami izinin dindindin ma ɗan Birtaniya ne tun ranar haihuwarsa. Ashe tambayar da ta fi nauyi ita ce ta zaman kansa, kuma ita ce ka shekara 11 kana amsawa da aikinka. Idan zamanka halal ne, takardar da ke tabbatar da shi tana bin hukuncinsa. Idan kuwa zaman yana cin addininka ko na iyalinka, komawa gida ta wajaba a kanka ko da fasfo ko babu.

Akwai ma wata fa'ida da masu hanawa ba su cika lura da ita ba. Izinin dindindin yana faɗuwa idan mutum ya yi fiye da shekara 2 a jere a wajen ƙasar, wannan ne kuma ke ɗaure mutane da yawa, su kasa komawa gida su yi jinyar iyaye ko su zaunar da yara a Zariya su sami karatun addini da harshe. Mai takardar ɗan ƙasa yana iya tafiya ya daɗe yadda ya so. A wurin mutum irinka, takardar tana iya zama abin da zai sauƙaƙa komawa.

Game da rantsuwa, abin da ake faɗa a wurin bikin shi ne alkawarin aminci da biyayya ga Sarki Charles na uku da magadansa bisa doka, sai alkawarin kiyaye dokokin ƙasa da mutunta haƙƙoƙi da tsarin dimokuraɗiyyarta. Babu ambaton coci ko aƙida a ciki, kuma an ba ka zaɓi tsakanin rantsuwa da Allah da furta alkawari ba tare da rantsuwa ba. Wannan yarjejeniyar amana ce tsakaninka da masu ƙasa, ba mubaya'ar addini ba, kuma kowace biyayya ga abin halitta tana tsayawa inda saɓon Mahalicci ya fara. Sai dai ina gargaɗinka da wata dabara da wasu ke koya wa mutane, cewa ka furta da baki ka ƙudura akasinsa a zuci. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa rantsuwa tana kan niyyar mai rantsarwa, kuma Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura. Idan ka ɗauki wannan alkawari ya hau kanka: babu ha'inci, babu ƙarya a takardun nema, babu cin dukiyar gwamnati da sunan ai ta kafirai ce. In wata rana doka ta nemi ka aikata haram ƙarara, musamman a aikinka na likita, sai ka ƙi a fili ta hanyoyin da dokar ta tanada, ka ɗauki abin da zai biyo baya.

Sharaɗin da na fi jin tsoro a kansa shi ne yara. Allah ya ce mu kare kanmu da iyalanmu daga wuta, a aya ta 6 ta Suratut Tahrim. Babba da ya tashi da allo a hannu yakan riƙe addininsa ko'ina, yaron da ya tashi can kuwa sai an tsaya masa tsayin daka. Ka auna da gaskiya: suna salla ba tare da an kora su ba? Suna karanta Alƙur'ani? Suna da abokai Musulmi na kirki? Suna jin Hausa har su gaisa da kakansu su fahimci nasiharsa? Sannan ka je wurin lauya ka rubuta wasiyya da za ta raba dukiyarka bisa rabon gado na Musulunci, domin dokar Ingila ta ba da wannan sarari, in kuwa ka mutu ba wasiyya za a raba ne bisa tsarinsu.

Saura mahaifinka. Tunda kana da izinin dindindin, babu wata larura da ke kora ka, don haka kada ka yi abin a ɓoye, kada kuma ka yi shi yana cikin ɓacin rai. Ka je Zariya da ƙafarka, ka nemi malamin da yake girmamawa ku zauna tare, a warware masa bambancin halinka da na waɗanda aka yi wa waccan fatawa. Ina kyautata zaton abin da ke ransa ya wuce mas'alar fiƙihu, tsoro yake kada ɗansa da jikokinsa su tafi ke nan. Ka faɗa masa shirinka na komawa ko na yawan zuwa, ka kuma cika. Idan ya gamsu, ka nemi takardar, babu laifi a kanka. Idan bai gamsu ba, ka jinkirta ka ci gaba da lallashi, domin neman takardar halal ne kawai, kyautata masa kuwa wajibi ne.

Allah ne mafi sani.