Abin da Ke Sa Waƙa Mai Sauri Ta Yi Armashi

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa waƙar "You Make My Dreams" ta Daryl Hall da John Oates take tayar da mai sauraro tsaye, alhali kiɗan da ka haɗa a situdiyo, duk da kayan da ka zuba masa, yake fitowa da nauyi. Amsar tana cikin abin da suka ƙi sakawa.

Mutanen nan biyu sun haɗu a Filadelfiya ta Amurka a shekarar 1967, birnin da ya yi suna da nasa salon kiɗan soul, kuma lokacin da suka fitar da kundin Voices, wanda wannan waƙar take cikinsa, a 1980 sun riga sun ƙware har suka ɗauki nauyin shirya shi da kansu. Ƙwarewar ce ta ba su ƙarfin halin barin fili a cikin waƙa, abin da sabon hannu yake tsoro.

Ka saurari farkonta da kyau. Hall ne yake buga fiyano mai lantarki na Yamaha, samfurin CP-30, kuma ba ya barin sauti ya daɗe: yana taɓawa yana ɗagawa, sai ɗan shirun da ke tsakanin taɓawa da taɓawa ya zama wani ɓangare na kiɗan. A cikin wannan shirun ne ganga take samun wurin faɗuwa a bugu na biyu da na huɗu, a nan ne kuma jiki yake amsawa. Da an shimfiɗa dogon sauti a ƙarƙashi, irin wanda kake yawan shimfiɗawa, da an toshe wannan ƙofar, ko da saurin waƙar bai canja ba.

Sai batun murya, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci. Jagora yana rerawa, amshi yana shigowa gajere daga baya, ba tare da ya hau kansa ba, tsarin da soul ya gada daga waƙoƙin cocin baƙar fatar Amurka. Waƙar duka minti uku ce da 'yan daƙiƙu, ta kuma kai mataki na 5 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka na mujallar Billboard a 1981.

Don haka gobe, kafin ka taɓa na'urar haɗa sauti, ka kashe komai a kiɗan naka sai ganga, da bes (jita mai kaurin sauti), da fiyano, da murya. Ka gajarta kowane sautin fiyano, ka rage amon da ka lulluɓe muryar da shi, sa'an nan ka riƙa mayar da sauran kayan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ka mayar ka ji ƙafarka ta daina motsi, ka cire shi, ka kira ni mu saurara tare.