Za a iya kunna fitila da baki ba tare da sirrin gida ya fita ba?

Tambaya: Ɗana ya kawo mini na'urar Alexa don in riƙa kunna fitilu da fanka da baki. Uwargida ta ce ba za a ajiye mata abin da zai riƙa sauraron hirar ɗaki ba. Akwai wata hanya? Daga wani magidanci a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Alhaji, Hajiya tana da hujja. Na'urar tana kasa kunne ne ta ji an kira sunanta. Da ta ji, ko ta ji abin da ya yi kama da shi, sai ta naɗi maganar ta tura wa kwamfutocin Amazon, kamfanin da ya ƙera ta, ta intanet. A 2019 ta fito fili cewa ma'aikata na sauraron wasu daga cikin muryoyin da aka naɗa, kuma a 2023 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 25 a Amurka saboda riƙe muryoyin yara.

Abin da nake ba mutane shawara shi ne Home Assistant, manhajar da Paulus Schoutsen ya fara a 2013. Kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, duk mai ilimin abin zai iya dubawa ya ga inda bayanai ke zuwa. Ana ɗora ta a ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, ta zauna a falonka. Manhajar Whisper ce ke mayar da magana rubutu, Piper kuma ta ba da amsa da murya, duk a cikin gida. Gwajin mai sauƙi ne: katse intanet, ka ce a kashe fanka. In ta kashe, muryarka ba ta je ko'ina ba.

Amma a Kaduna wuta za ka fara tunani. Ɗaukewar wuta bagatatan tana lalata katin ajiyar kwamfutar, don haka a jona ta da inbata ko batirin sola. Makunnai masu amfani da Zigbee, wani tsarin sadarwa marar waya na na'urorin gida, kuwa miƙa wa juna saƙo suke yi, daga falo zuwa tsakar gida har bakin get. In waɗanda ke tsakiya suka mutu saboda ɗaukewar wuta, na nesa ba zai ji kira ba, ko da nasa batirin cike yake. Nan ne masu haɗawa suka fi yin sakaci.

Hausa fa? Tana cikin harsunan da Whisper ta sani, sai dai jin nata bai taka kara ya karya ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai. A yanzu da Turanci za ka yi umarni, ko ka latsa a waya. Shirin Common Voice na Mozilla yana tattara muryoyin Hausa daga masu sa kai don koya wa kwamfuta jin harshen, ka sa ɗan naka ya ba da tasa.

Ni da famfon burtsatse zan fara. A sa na'urar auna ruwa a tanki, in ya cika injin ya kashe kansa, fitilun ɗaki su biyo baya in Hajiya ta gamsu.