An kafa turaka a gonarmu, wa ya ba su izini?

Tambaya: Salam Malam. Dan Allah ta ya ake amincewa da manyan ayyuka irin su titi ko layin dogo? Mu dai wayar gari muka yi muka ga masu awo sun kakkafa turaka a gonar mahaifinmu wai hanya za ta bi, kuma ba wanda ya ce mana uffan. Daga wani mai karatu a Jigawa.

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa, Allah ya ba ku haƙuri. Kafin katafila ta iso aikin sai ya bi ofis-ofis. In aikin Gwamnatin Tarayya ne, ma'aikatar da abin ya shafa ta tsara, hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati ta duba kwangila, sannan Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince, kamar yadda ta yi wa layin dogon Kano zuwa Maraɗi a 2020 kan dala biliyan 1.96. Nan ba a tambayar ku.

Inda kuke da baki shi ne binciken muhalli. Dokar binciken muhalli ta 1992 ta ce dole a yi rahoto kan illar da babban aiki zai yi wa ƙasa da ruwa da jama'a, a kai Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a baje shi kwana 21 na aiki, galibi har a sakatariyar ƙaramar hukuma, kowa ya je ya karanta ya rubuta ƙorafinsa. Abin da ke ci min rai kenan wallahi, rahoton jibgege ne da Turanci, sanarwar a jarida, manomin da gonarsa za ta tafi bai ma ji labari ba har kwanakin su ƙare.

Ita kuma ƙasa, Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ta a hannun gwamna, yana da ikon karɓe ta don amfanin jama'a amma sai an ba da sanarwa, kuma diyyar ba ta ƙasar kanta ba ce, ta abin da ke kai ce, amfanin gona, gini, rijiya, itatuwa irin su ɗorawa da mangwaro. Don haka tun yau ku ɗau hoton komai da waya, ku ƙirga bishiyoyin a gaban mai unguwa, ranar ƙiyasin diyya kuma lallai ɗayanku ya tsaya a gonar, kar a sa hannu a takardar da ba a karanta muku ba. Ku haɗu da maƙwabtan gona ku je sakatariya ku tambaya ko an baje rahoton. In kuɗin da aka yanka bai yi muku ba, akwai kwamitin rabon filaye na jiha, can doka ta ce a kai rigimar diyya.