Amsa: Sabuntawar Windows ta ƙi kammaluwa

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce tana kai kashi 30 cikin ɗari sai ta koma baya, ta nuna 0x80070070. Lambar nan na nufin wuri ya ƙare a faifan C, wato ma'ajiyar da Windows take ciki a kwamfutarka. Share tarkacen Downloads, ka kwashe bidiyoyin biki zuwa filas, har ka samu sarari kamar giga 20.

Ka kula da wuta kuma. Tawa kwamfutar ta taɓa mutuwa tsakiyar sabuntawa a unguwar Mabera da aka ɗauke wuta, zafin Sakkwato ya riga ya cinye batirin. Kwana biyu ina fama. Yanzu sai da dare nake yi, caja a jone.

In hotspot ɗin waya kake amfani da shi, kashe Metered connection tukuna, wato saitin Windows da ke taƙaita cin data, don yana iya hana sabuntawar sauka.