Ina farar wutar ta shiga?

Tambaya: Malam, ina nazarin bayanan ALMA, wato tarin na'urorin hangen sararin samaniya na rediyo da ke ƙasar Chile, game da wani jaririn tauraro mai nauyi. Na samu SO, SO2 da CS, sinadarai masu ɗauke da farar wuta, amma da na haɗa jimillar farar wutar sai ta gaza abin da lissafi ya nuna nesa ba kusa ba. Hankalina ya tashi, ko ni na ɓata aikin? Akwai kuma wani layi guda, wato alamar da sinadari ke bayarwa a wani mita na musamman, da nake zargin na H2S ne, sinadarin haidirojin da farar wuta. In saka shi a takardata?

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba ki ɓata komai ba. A gajimare masu kauri na gas da ƙura inda taurari ke samuwa, farar wutar da ke cikin iskar gas ɗan kaso ne kawai na wadda ya kamata a gani. Ana kyautata zaton sauran ta maƙale a ƙurar da ƙanƙara ta lulluɓe. An ga OCS, wani sinadarin mai farar wuta, a irin wannan ƙanƙara wajen jaririn tauraron nan W33A tun 1995, amma har yau ba a tabbatar da H2S a cikinta ba, ko da yake kumbon Rosetta ya same shi a tauraro mai wutsiya 67P.

Layin nan guda shi ne ya dame ni. Kada ki saka shi! Kullum sai an kawo mini layi ɗaya an ce an gano sinadari, washegari labarin ya cika Facebook. Wurin da tauraron ya ɗumama sama da digiri 100 a ma'aunin Kelvin, ƙanƙara ta koma gas, cike yake da layuka. Dubi Orion KL, wani yanki da manyan taurari ke samuwa a cikinsa: metanol da danginsa sun mamaye ko'ina kamar ciyawa a gona, kuma iskar da tauraron ke fesowa tana faɗaɗa layukan SO2 har su hau kan maƙwabtansu. Ta yaya layi guda zai zama hujja a nan?

Idan layin H2S na mita 216.7 gigahaz kika gani, nemi ɗan'uwansa na 168.8 a Zango na 5 na ALMA. Dole gudunsu ya yi daidai da na sauran gas ɗin, ƙarfinsu ya dace da zafi guda. Sannan nemi layin H2S mai ɗauke da nau'in farar wuta mai lamba 34, wanda ya ɗan fi na yau da kullum, mai lamba 32, nauyi. A tsarin ranarmu kusan ɗaya yake cikin 22 idan aka gwada da mai lamba 32. In bai fito ba, rubuta iyakar adadin da zai iya kasancewa, ki faɗi cewa ba ki tabbatar ba. Wanda zai gina lissafinsa a kan takardarki ya dogara ne da amanarki.